Wa Ya Biya Kuɗin Motar Ɗan Jaridar Da Ya Zo Karkarna?

Duk wanda ya saba karanta rahotannin binciken ƙwaƙwaf da ake yi a kan ƙauyukan Arewa a 'yan shekarun nan ya san wani ɗan layi da ake maƙalawa a can ƙasa, bayan labari ya ƙare. Da Turanci ake rubuta shi, yawanci da karkatattun haruffa, yana cewa an yi aikin ne da tallafin cibiya kaza, a ƙarƙashin shiri kaza, da kuɗin gidauniya kaza. Masu karatu da yawa ba sa kaiwa wurin, ko dai data ta ƙare, ko hankali ya koma TikTok. Mu kuwa muna ganin daga wannan layin ya kamata a fara karatun, domin shi ne yake bayyana yadda aka yi ɗan jarida ya baro Kano ko Bauchi ya biyo hanyar Ɗambatta, ya wuce Kazaure, ya sauka a Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi, don kawai ya ga ko an rufa wa wani ɗakin shan magani kwano. Shi ne kuma yake bayyana dalilin da ya sa bai sake dawowa ba.

Kafin mu taɓa waɗannan rahotanni, adalci ne mu tuna abin da suka tarar. Aikin jarida a ƙasar Hausa a hannun hukuma aka haife shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, da kuɗin gwamnatin mulkin mallaka aka kafa ta, kuma duk ƙoƙarin da Imam ya yi na buɗe wa talaka shafin wasiƙu, ya san inda igiyarsa ta tsaya. Triumph ta Kano, da ƙannenta Albishir da Alfijir, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa ta a 1980. Gidajen rediyon jihohi har gobe sai sun gama da labarin mai girma gwamna da uwargidansa kafin su waiwayi kowa. Da gidaje masu zaman kansu suka zo, Freedom Radio a gaba tun 2003, an samu iska ƙwarai, amma sai kasuwar fili ta buɗe: ɗan siyasa ya sayi minti goma, sojojin baka su shiga su yi ta yankan juna, gobe wanda aka zaga ya sayi nasa. A ƙasan wannan duka akwai ambulan ɗin da ake miƙa wa wakilai bayan taron manema labarai, a kira shi kuɗin mota ko na shan mai. Wakilin da gidan jaridarsa ke riƙe masa albashi wata da watanni, da wannan ambulan yake cefane. Ba za ka ce masa ya binciki hannun da ke miƙo masa ba.

To a cikin wannan hali ne cibiyoyin da ba riba suke nema ba suka shigo. ICIR, wadda Dayo Aiyetan ya kafa a Abuja a 2010; cibiyar da Premium Times ta haifa a 2014, wadda yanzu ake kira CJID; cibiyar Wole Soyinka da ke Legas; HumAngle ta Ahmad Salkida tun 2020. Tsarinsu mai sauƙin fahimta ne: gidauniya ta ba cibiya kuɗi, cibiya ta horar da ɗan jarida ta ba shi guzuri, shi kuma ya je ya gano da idonsa ba tare da ya jira motar kwamishina ba. Gidauniyar MacArthur ta birnin Shikago ita ce uwa ma ba da mama a nan. Daga 2016 ta ɗauki yaƙi da cin hanci a Najeriya a matsayin babban shirinta, kuma ta hannun cibiyar Wole Soyinka ta tallafa wa kafofi 26 domin su matsa daga Abuja su sauko kan jihohi da ƙananan hukumomi. A cikinsu akwai na gida irin su WikkiTimes ta Bauchi da Solacebase da Stallion Times na Kano.

Kada kowa ya raina abin da wannan ya haifar. A karon farko sai ga sunayen ƙauyukanmu a cikin rahoton da ba na rasuwa ko naɗin sarauta ba. Sai ga ɗan jarida riƙe da takardar kasafi yana tambayar mai unguwa ina rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa. Kuma masu yin aikin sun biya da jikinsu. Haruna Mohammed Salisu, wanda ya kafa WikkiTimes a 2018, an kama shi ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairun 2023, a Duguri, mahaifar gwamnan Bauchi Bala Mohammed, yana tsaka da jin ta bakin wasu mata, ya kwana a tsare kwanaki kafin a ba da belinsa. Jaafar Jaafar na Daily Nigerian, wanda ya saki bidiyoyin nan na Oktoban 2018 da ke nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana cusa abin da aka ce daloli ne a aljihu (zargin da Ganduje ya musanta), ya bayyana gaban kwamitin majalisar Kano rataye da Alƙur'ani, a 2021 kuma ya bar ƙasar zuwa Ingila saboda fargabar rayuwarsa. Wanda yake zaune a inuwa yana sharhi, kamar mu, ya kamata ya san nauyin wannan kafin ya buɗe baki.

Amma sharhi muka zo yi, kuma rahoton bincike rubutu ne kamar kowane rubutu, yana da siga, yana da murya, yana da wanda ake yi dominsa. Idan ka karanta guda ashirin a jere za ka ga kamar tela ɗaya ne ya yanka su. Ana buɗewa da mace: ga wance, mai shekara kaza, ta yi naƙuda a bayan babur ko a cikin amalanke saboda asibitin garinsu babu ungozoma. Daga nan sai hoton silin da ya zubo da kashin jemage. Sai alƙaluman hukumar lafiya ta duniya a kan mutuwar mata wajen haihuwa. Sai wani masani daga wata ƙungiya a Abuja ya ce abin takaici ne. Sai a rufe da cewa an yi ta kiran wayar shugaban ƙaramar hukuma bai ɗaga ba, an aika masa saƙo bai ba da amsa ba. Shi ke nan, sai layin tallafi.

Kowane ɓangare a cikin wannan gaskiya ne, mun san asibitocin, mun san matan. Matsalar ita ce rabon haske. Matar da ta sha wuya an faɗi sunanta da na mijinta da yawan 'ya'yanta, an ɗauki hoton ɗakinta har da kwanukanta. Wanda ya karɓi kuɗin aikin kuwa sau da yawa sai ya tsira da sunan kamfani kawai, wani dogon suna mai ƙarewa da “Nigeria Limited” wanda ba ya nufin komai ga mutumin Roni. Su wa ke da kamfanin? Rajistar hukumar CAC a buɗe take ga mai nema. Wane jami'i ne ya sa hannu cewa an kammala aiki har aka biya? Wane injiniya ne ya je dubawa? A Jigawa akwai hukumar tantance kwangila da bin diddigin ayyuka, me takardunta suka ce? Rahotannin da suka yi fice a cikinsu su ne 'yan kaɗan ɗin da suka bi kuɗin har ƙofar gidan wani. Sauran sun tsaya ne a kan nuna mana talauci, abin da ba ma buƙatar a nuna mana. Kuma akwai wani abu mai ɗaci a ciki: talaka shi ke tsiraici a labarin, mai laifi yana cikin babbar rigarsa.

Ba don rashin basira hakan ke faruwa ba. Guzurin da ake bayarwa na tafiyar kwana biyu ko uku ne, kuma shirin yana da adadin rahotannin da aka yi wa gidauniya alkawari kafin shekara ta fita. Bin diddigin kamfani yana cin watanni, yana kuma jawo lauya. Hoton silin kuwa yini ɗaya ya isa. Duk editan da ke da rahoto talatin da zai miƙa kafin Disamba ya san wanda zai zaɓa.

Sai maganar harshe, wadda ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Matar ta yi magana da Hausa, da irin kalmomin da mace ke faɗa idan ta binne jariri. An mayar da su Turanci mai sanyi, aka ɗora a shafin da ba za ta taɓa buɗewa ba. Gaskiya ne wasu kafofin suna da shafukan Hausa, kuma shirin na cibiyar Wole Soyinka ya ambaci harsunan gida a cikin manufofinsa. Sai dai abin da muke gani galibi fassara ce da ke biyo baya, a taƙaice, da Hausar da ke tafiya da takalmin Turanci, cike da “masu ruwa da tsaki” da “ƙalubale”. Manomin Gwiwa ba a shafin intanet yake samun labari ba. Rediyo yake ji, da saƙon murya a WhatsApp, da hirar majalisa bayan la'asar. Rahoton da aka yi a kan ɗakin shan maganin garinsa zai iya cin lambar yabo a Legas alhali mai garin bai san an yi shi ba. Idan manufar aikin ita ce jama'a su tuhumi shugabanninsu, kamar yadda sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida, to wace jama'a ake nufi? Mai karatun da ke zuciyar marubucin, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne jami'in da zai duba rahoton ƙarshen shekara ya sabunta tallafi.

A nan ne muke ganin an yi wa batun 'yancin edita gurguwar fahimta. Idan aka tambayi shugabannin waɗannan kafofi, za su ce mai ba da tallafi bai taɓa kiran su ya ce a cire labari ko a sassauta ba. Mun yarda da su. Gidauniya a Shikago ba ta da ɗan kwangila a Babura da za ta kare. Ikonta yana aiki ne tun kafin a ɗauki alƙalami, a lokacin da ake rubuta takardar neman tallafi. Bana lafiya a matakin farko ake yayi, baɗi sauyin yanayi, baɗin waccan tantance labaran ƙarya. Abin da bai shiga jerin ba babu kuɗin motarsa. Babu wanda ya hana, amma babu wanda ya je.

Mu duba abin da ke ƙofar gidanmu. A 2018 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 don share fagen wata katafariyar tashar lantarki mai amfani da hasken rana, mai ƙarfin megawat 1,000, a ƙasar Gwiwa. Me aka yi da kuɗin nazarin? Filin na wa ne, kuma yana hannun wa a yau? Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2, ya ratsa Kazaure ya nufi Daura ta cikin gonakin mutane. Yaya aka auna gonakin, da wane ma'auni aka yi kuɗin diyya, sunayen wa ke cikin takardar biya? Ga aikin noman rani na Gari da aka shafe shekaru ana ambato. Ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, mahaifar gwamna na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, da duk kwangilolin gini da ɗaukar ma'aikata da ke biyo bayan irin wannan. Ba mu ce an yi ba daidai ba a ko ɗaya. Cewa muka yi waɗannan su ne tambayoyin da ake yi a majalisu da tashoshin mota, kuma kowacce tana buƙatar mutum ɗaya ya zauna a kanta shekara guda ko biyu, yana dawowa, yana tara takardu. Tsarin guzurin kwana uku ba zai iya haifar da irin wannan mutumin ba.

Inda babu shi kuwa, zargi ne ke cika gurbin. Mutanen wannan mazaɓa ba za su manta da Disambar 2022 ba, lokacin da ɗan majalisarmu na tarayya mai wakiltar Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Muhammad Gudaji Kazaure, ya fito ya ce naira tiriliyan 89 na harajin hatimi sun yi ɓatan dabo, fadar shugaban ƙasa ta bakin Garba Shehu ta ƙaryata. Adadin ya ninka kasafin kuɗin tarayya na shekarar, wanda ya tashi kusan tiriliyan 17, har sau biyar. Abin da ya cika wayoyinmu a makonnin nan muryar Gudaji ce da muryar masu mayar masa da martani. Magoya baya suka ce gwarzo, 'yan adawa suka ce wasan kwaikwayo. Abin da mai sauraro ya fi buƙata shi ne wanda zai zauna da Hausa ya warware masa yadda ake cire harajin, nawa ake cira a kan kowace hada-hada, sau nawa za a yi cirar kafin a tara irin wannan adadi. Wannan shi ne aikin, kuma ba ya buƙatar jarumta, lissafi kawai yake buƙata da wanda zai biya mai lissafin.

Akwai kuma tambayar da 'yan jarida ba su cika son a juyo musu da ita ba. Kafar da ke neman ƙaramar hukuma ta buɗe littafinta, ina nata littafin? A Afirka ta Kudu akwai amaBhungane, ɗaya daga cikin waɗanda suka tona asirin iyalan Gupta a 2017. Ta gindaya wa kanta cewa ba ta karɓar kuɗin gwamnati ko na kamfani, ba ta barin mai bayarwa guda ya wuce kashi 20 cikin 100 na kasafinta, kuma tana wallafa sunayen manyan masu ba ta. ProPublica ta Amurka, wadda attajirai Herbert da Marion Sandler suka ɗauki nauyin kafuwarta a 2007, ta yi shekaru tana faɗaɗa masu ba ta don kada ta zama ta gida ɗaya. A ɗaya gefen ga OCCRP, babbar cibiyar binciken ƙasa da ƙasa, wadda a Disambar 2024 jaridar Mediapart ta Faransa da abokanta suka ba da rahoton cewa kusan rabin kuɗinta daga gwamnatin Amurka yake fitowa. Ta ce hakan bai taɓa shafar abin da take rubutawa ba. Wataƙila haka ne. Amma daga ranar, duk wanda ta bincika ya sami sandar dukanta. A nan gida ma mun ji wannan sandar: da zarar rahoto ya yi zafi sai ka ji ana cewa 'yan amshin shatan Turawa ne, an biya su su ɓata Arewa. Maganin wannan ƙazafi shi ne a riga mai yin sa faɗa, a rubuta da Hausa ƙarara wa ya bayar, nawa ya bayar, me aka yi da shi. Tambarin gidauniya a ƙasan shafi bai wadatar ba.

Duk wannan magana ce ta kuɗin waje. Ga wanda zai yi aikin a cikin gida kuwa, abin da ke ɗaure masa hannu ya fi kusa da haka. A ce yaro ɗan Karkarna ya gano cewa ajin da aka biya kuɗinsa ba a gina ba. Ɗan kwangilar surukin kawunsa ne. Kansilan abokin mahaifinsa ne tun makarantar allo. Sakataren ilimi shi ya sa baki aka ɗauki yayarsa koyarwa. Kafin rahoton ya fita an riga an je gaban mahaifinsa, ba da barazana ba, da gaisuwa da girmamawa: Alhaji, yaron nan naka a ja masa kunne, duk ɗaya muke. Idan ya ƙi ji, maganar ta tafi gaban dagaci ko hakimi, a yi sulhu, sulhun kuwa ma'anarsa a sauke labarin a ba da haƙuri. Babu ɗan sanda, babu sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka saba kama 'yan jarida da shi, babu abin da ƙungiyar kare 'yan jarida za ta rubuta a rahotonta. Kunya ce da zumunci, abubuwan da muke alfahari da su, kuma da gaskiyarmu. Littattafan horon da ake fassarowa daga waje ba su san wannan ba, suna koyar da yadda ake ɓoye lambar sirri ta waya, ba sa koyar da yadda za ka ce wa kawunka a'a. Shi ya sa baƙo daga Kano ya fi ɗan gari sakewa, shi kuma ɗan gari ya fi baƙo sanin inda aka binne. Tsari mai hankali zai haɗa su ne: na gida ya tattaro, na nesa ya sa suna, edita mai lauya ya tsaya a gaba. Wasu editocin suna yin haka a ɓoye. Ya kamata ya zama ƙa'ida, a kuma biya na gidan, a daina kiran sa ɗan rakiya.

Yanzu kuma rijiyar ma ta fara ƙafewa. MacArthur ta rufe wancan babban shiri nata a ƙarshen 2024, kamar yadda ta sanar tun da wuri. Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a kan dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, hukumar USAID ta durƙushe, OCCRP da ire-irenta suka sallami ma'aikata. A watan Maris na shekarar Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke magana da mu tun 1979, ya yi tsit. A tsallaken iyaka, inda Babura ke kallon Nijar, abin ya fi muni. Moussa Aksar na jaridar L'Événement ya sha shari'a a kan binciken badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro, Samira Sabou ta yi kwana 48 a kurkuku a 2020, bayan juyin mulkin 2023 kuma aka dakatar da RFI, daga baya BBC ma ta sha dakatarwar wata uku. Kafar da ta gina gidanta a kan tallafi guda, ta ɗauki ma'aikata ta kama ofis, yau tana gaban zaɓin da ta gudo daga gare shi: ko ta rufe, ko ta koma karɓar tallar gwamnatin jiha. Muna lura da shafukan wasu, yadda labaran “gwamna ya ƙaddamar” suke ƙaruwa sannu a hankali. Ba mu zarge su ba, ciki ba a ba shi haƙuri.

To wa zai biya? Masu ba da shawara daga waje suna cewa a koma ga masu karatu, kowa ya riƙa ba da wani abu duk wata, kamar yadda Daily Maverick ta yi a Afirka ta Kudu tun 2018. A yankin da mutum ke auna data da naira ɗari biyu wannan sai a hankali, ko da yake mutanen da ke haɗa kuɗi su gyara masallaci, su yi adashi, su sayi taransifoma da gwamnati ta gaza saya, ba za a ce ba su san taimakon kai da kai ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan yankin da ke aiki a Kano da Abuja da Legas, suna tara kuɗi duk shekara. Ba su taɓa ɗaukar labari a matsayin abin da ake haɗa wa kuɗi ba, saboda ba a taɓa kawo musu labarin da ya dawo musu da rijiyarsu ba. Ranar da rahoto ɗaya ya sa ɗan kwangila ya dawo ya rufa kwanon aji, aka kuma faɗa a rediyo da Hausa cewa ga yadda aka yi, lissafin zai sauya.

Akwai wata dabara da ta fi tsufa da duk gidauniyoyin nan, wato hubusi. Mutum ya tsayar da kadara, shago ko gona ko gidan haya, ya cire hannunsa daga kanta har abada, amfaninta ya riƙa tafiya ga abin da ya ambata. Masarautun Jigawa sun yi suna wajen kwamitocin zakka da hubusi, Sakkwato ma tana da hukuma sukutum a kan haka. Abin da ya ja hankalinmu shi ne sharaɗin cire hannu: wanda ya bayar ba ya iya karɓewa don an ɓata masa rai. Babu yarjejeniyar tallafi ta zamani da ta kai wannan ba da kariya. Shaguna goma a kasuwar Kazaure za su iya riƙe 'yan jarida biyu da babur da sayen rabin sa'a a rediyo duk mako. Malamai ne za su faɗa mana ko bin diddigin dukiyar jama'a ya shiga cikin ayyukan alherin da ake tsayar wa kadara, mu dai muna ganin hisba ce tsantsa. Tsoronmu a wani wurin yake. Wa zai zama amintaccen da ke kula da kadarar? Idan aka damƙa wa fada, an gama da binciken filaye. Idan aka damƙa wa attajiri, an gama da binciken kwangila. Attajirin gida, saɓanin na Shikago, yana da gona a bakin layin dogo da ƙani a majalisa. Sai an zauna an yi wa wannan dabara shinge mai ƙarfi, in ba haka ba za ta zama wata ambulan ɗin ce mai rawani.

Kayan aikin dai suna nan a ƙasa, ba a taɓa samun su da araha kamar yanzu ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar ɗan ƙasa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga asusunsu kai tsaye. Abin da 'Yankwashi da Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, kasafin jihar Jigawa yana kan intanet, jerin ayyukan mazaɓu yana hannun Tracka da hukumar ICPC. A kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure akwai ɗaruruwan matasa masu waya da ke iya karanta jadawali. Shirin da muke son ji bai wuce wannan ba: ranar kasuwa, murya ɗaya ta karanto da Hausa nawa ya shigo wa ƙaramar hukuma a watan jiya, nawa ya tafi albashi, me aka ce an yi da ragowar, sannan a buɗe layi mutanen Karkarna su faɗi abin da suka gani da idonsu. Wata mai zuwa a sake, a fara da tambayoyin da shugaban ƙaramar hukuma bai amsa ba a watan da ya wuce.